Ariake: Dandalin Da Ake Zuwa Da Jarumi A Cikin Akwati

Idan asuba ta yi a birnin Tokyo na ƙasar Japan, a tsakiyar watan Agusta ko kuwa a kwanakin ƙarshe na Disamba, jiragen ƙasa na farko da ke nufar unguwar Ariake sukan taso ne a cike maƙil, ba masaka tsinke. Da jirgi ya tsaya a tashar Kokusai-Tenjijo, sai ƙofofi su buɗe, jama'a su kwararo kamar an fasa madatsar ruwa. Galibinsu matasa ne, maza da mata, amma akwai magidanta, har da masu furfura. Tufafin da ke jikinsu na yau da kullum ne, irin wanda ake zuwa makaranta ko kanti da shi, sai dai da yawa daga cikinsu suna jan akwati mai taya, har ƙarar tayoyin a kan daɓe takan danne muryar ma'aikatan tasha da ke roƙon jama'a kada su yi gudu.

Baƙon da aka ba shi labari tun daga gida cewa a nan ne zai ga mayaƙa da sulke, da 'ya'yan sarakuna, da dodanni, da matsafa masu shuɗin gashi, zai duba gabas ya duba yamma, ba zai ga ko ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne duk suna cikin akwatunan nan, an ninke su, an lulluɓe su da leda. Dokar wurin ta hana kowa ya fito daga gida da shigarsa, kuma ta hana shi komawa da ita. Wanda ya fahimci hikimar wannan doka ya kama hanyar fahimtar al'adar baki ɗaya.

GIDAN DA AKA KIFE

Unguwar Ariake ba ta da tsohon tarihi, domin a da ruwa ne wurin. Cike bakin teku aka yi da ƙasa aka yi gine-gine a kai. Babban abin da ke cikinta shi ne zauren baje koli da ake kira Tokyo Big Sight, wanda aka buɗe a shekarar 1996. Tun daga nesa ake hango hasumiyarsa: dala huɗu ne aka kife, tsininsu yana ƙasa, faɗinsu yana sama, kamar an ɗora manyan mazurari huɗu a kan ginshiƙai. A gefen hanyar shiga akwai wani ƙaton zarto mai jan mariƙi, tsawonsa ya kai mita 15, an kafa shi kamar yana yanka ƙasa. Masu neman juna cikin cunkoso sukan yi alkawarin haɗuwa a gindinsa. A lokacin wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, nan ne aka mayar cibiyar 'yan jarida da masu watsa labarai.

Sau biyu a shekara wannan zaure yakan karɓi taron da ake kira Comiket, watau kasuwar littattafan zane. Ba kasuwar manyan kamfanoni ba ce. Mutane ne masu sha'awa, ɗalibai da ma'aikatan ofis da matan aure, suke zana labaransu da kansu, su buga da kuɗinsu, su zo su baje a kan rabin tebur. Japanawa suna kiran irin waɗannan littattafai dojinshi. An fara taron ranar 21 ga Disamba, 1975, a wani ɗakin taro na ƙungiyar 'yan kwana-kwana a unguwar Toranomon, da ƙungiyoyin mazana 32 da mahalarta wajen 700, mafi yawansu 'yan mata 'yan makaranta. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Yoshihiro Yonezawa, wanda ya shugabance shi shekara da shekaru har zuwa 2006, shekarar da ya rasu. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba: a Disambar 2019 an ƙirga mahalarta 750,000 cikin kwana huɗu. Annobar korona ta tsayar da shi a 2020, ya dawo a ƙarshen 2021 da ƙayyadadden adadi, kuma tun daga nan aka mayar da shi kwana biyu.

A gefen wannan kasuwa ta littattafai ne wata al'ada ta tsiro, ta girma har ta zama ita ce abin da jaridun duniya suka fi ɗauka hoto. Ita ce shigar kwaikwayo: mutum ya ɗinka tufafin wani jarumi na littafin zane, ko na katun, ko na wasan kwamfuta, ya sa, ya kwaikwayi tsayuwarsa da kallonsa. A shekarun da taron ya fi cika, masu yin rajistar shiga sun haura 20,000, kuma mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.

DAGA INA AKA FARO?

Ko da yake Japan ce ta yi fice, ba ita ce mafari ba. A shekarar 1939, a babban taron farko na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya da aka yi a birnin New York na Amurka, wani saurayi mai suna Forrest J. Ackerman da wata mata mai suna Myrtle R. Douglas sun bayyana cikin shigar mutanen zamani mai zuwa. Ita ce ta tsara tufafin, ita ce kuma ta ɗinka su. A taron shekara ta gaba a Chicago sai aka shirya gasar shiga sosai. Matasan Japan sun ɗauki abin a cikin shekarun 1970, sa'an nan a 1983 wani marubuci mai suna Nobuyuki Takahashi ya raɗa masa suna a mujallar My Anime. Ya gutsuro kalmomin Ingilishi biyu, ta tufafi da ta wasa, ya haɗa su, aka sami kosupure. Da wannan suna al'adar ta sake ƙetare teku ta koma wa Turawa, ta bazu ko'ina.

Mai karatu da ya tashi a ƙasar Hausa ba zai ga abin baƙo ƙwarai ba. Duk wanda ya taɓa ganin yara a goman tsakiya na watan azumi sun liƙa gemun auduga, sun cusa tsummoki a ciki, sun ɗauki sanda suna tashe, ya san daɗin da ɗan Adam ke ji idan ya ari kamannin wani na ɗan lokaci. Bambancin shi ne ɗan tashe yana neman dariya da sadaka, shi kuwa mai shigar Ariake yana neman a dube shi a gane jarumin nan take, tun daga launin gashi har zuwa maɓallin hannun riga.

NIPPORI: INDA SABON SHIGA KE FARAWA

Hanyar Ariake ba daga Ariake take farawa ba. Wata biyu ko uku kafin taro, mai niyya yakan hau jirgin da ke kewaya tsakiyar Tokyo, ya sauka a tashar Nippori, a gundumar Arakawa. Daga bakin tashar akwai titi mai tsawon wajen kilomita ɗaya, da kantuna wajen 90 a jere hagu da dama, ba abin da ake sayarwa sai yadi da fata da zare da maɓallai da zif da leshi. 'Yan kasuwar yadi sun ƙauro nan ne daga wajen Asakusa tun farkon ƙarni na 20. Wanda ya san Kantin Kwari a Kano zai gane ƙamshin sabon yadi da zarar ya shiga, sai dai a nan babu ciniki, babu "albarka", farashi yana rubuce a jikin kowane bandir. Da mita ake awo, wadda ta ɗara yadi kaɗan. Kanti mafi suna a titin shi ne Tomato, mai rassa da dama, wanda ya shahara da wani sashe na yadi mai arha ƙwarai. Kantuna da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi, kuma da magariba ta gabato sai a rufe.

Sabon shiga ana gane shi tun daga ƙofa. Yana riƙe da hoton jaruminsa, yana kara shi jikin wannan bandir, ya kara jikin wancan, yana neman jan da ya dace, alhali kuwa ja ya fi kala ashirin a kan kanta ɗaya. A nan ne yake fara koyon darasin farko, watau mai zane ba tela ba ne. Wanda ya zana jarumin bai damu da inda za a sa zif ba, bai damu da yadda mutum zai ɗaga hannu ko ya zauna ba, kuma sau da yawa bai taɓa zana bayan rigar ba. Alkyabbar da ke tashi sama cikin hoto ba tare da iska ba, a zahiri sai an sa mata waya a kalmasa ko an yi mata shafi mai tauri. Saboda haka aikin farko shi ne tara hotunan jarumin ta gaba da ta baya da ta gefe, a zauna da takarda a rarraba shigar gunduwa-gunduwa: riga, wando, ɗamara, takalmi, gashi, makami. Kowace gunduwa a yanke mata hukunci: wannan saye za a yi, wannan gyara tsohuwa za a yi, wannan kuwa sai an ɗinka.

Shawarar da tsofaffin hannu suka fi bai wa sabo ita ce ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa kaɗan kawai. Misali, Luffy, jarumin labarin One Piece wanda Eiichiro Oda ya fara a 1997, shigarsa ta asali ba ta wuce malfa mai jan ƙyalle, da 'yar shara ja, da gajeren wando shuɗi, da takalmi fade ba. Duk ana iya haɗa su daga kayan gida da na gwanjo. Wanda ya ɗan iya keke yakan gwada rigar Tanjiro na labarin Kimetsu no Yaiba, mai ɗaki-ɗakin kore da baƙi. Irin wannan riga ta gargajiyar Japan kusan duk miƙaƙƙen ɗinki ce, ba ta da wuyar hammata ko ta wuya irin ta kwat. Lokacin da fim ɗin wannan labari ya fito a 2020, ya tara fiye da yen biliyan 40 a gidajen siniman Japan, yadin nan mai ɗaki-ɗaki ya cika kantuna, iyaye mata suna ta ɗinka wa 'ya'yansu.

Darasi na biyu na yadi ne. Ido yakan ja sabon shiga zuwa satin mai sheƙi saboda arha da ƙyalli, amma satin yana zamewa a ƙarƙashin allura, bakinsa yana zarewa, kuma idan hasken kyamara ya buge shi sai ya tona asirin kowane kuskure. Masu gogewa sun fi son yadi mai ɗan kauri marar sheƙi, wanda ba ya saurin yamutsewa, domin kada a manta, cikin akwati zai yi tafiya. Ana sayar da samfurin yanka na takarda, da littattafan da ke koyar da ɗinkin shigar kwaikwayo mataki-mataki. Mai hankali yakan fara yanka samfurin a kan tsohon zanen gado, ya harhaɗa shi da dogon ɗinki, ya gwada a jikinsa, ya rage nan ya ƙara can, kafin ya sa almakashi a yadin da ya saya da kuɗi. Yakan kuma ƙara rabin mita a kan lissafinsa, domin bandir ɗin da ya gani yau ba lalle ne ya same shi mako mai zuwa ba. Dutsen guga kuwa ba ya nisa da keke: kowane layi aka ɗinka sai an goge shi kafin a wuce. Kekunan da ke aikin nan, irin su Juki da Brother da Janome, duk na Japan ne, kuma telolin Nijeriya ba sa bukatar a gabatar musu da su.

GASHI DA SULKE

Idan an gama da yadi, sai a nufi unguwar Ikebukuro, inda kantunan hular gashi da na kayan shiga suka taru, musamman a kewayen titin da ake kira Otome Road, wanda 'yan mata suka fi zuwa. A nan ana jera hulunan gashi ɗaruruwa bisa ga launi, kore da shuɗi da ruwan hoda da fari fat. Gashin na roba ne, kuma Japan ta daɗe a wannan sana'a: zaren Kanekalon da matan Nijeriya ke ƙara wa kitso, kamfanin Kaneka na Japan ne ke yin sa. Hular ba ta zuwa a gyare. Mai ita zai kafa ta a kan gunkin kai, ya aske, ya tsefe ta baibai don ta kumbura, ya ɗumama ta, ya fesa mata maganin ƙandarewa, har tsinin gashin ya tsaya cak kamar yadda aka zana. Masu iyawa sun ce hular gashi ita ce rabin kamanni, domin ita ido ke fara sauka a kai. Akwai kuma 'yar roba mai launi da ake liƙawa a ƙwayar ido don a sauya launinsa. Saboda raunukan da marasa inganci suka jawo, tun 2009 hukumomin Japan suka sa ta cikin jerin kayan asibiti da doka ke sa wa ido, kuma sabon shiga gara ya ga likitan ido tukuna, ko ya haƙura da ita.

Sulke da kwalkwali da garkuwa da takubba su ne suka fi ba baƙo mamaki. Daga nesa sai ya rantse ƙarfe ne, ya ɗaga ya ji ba su fi faifai nauyi ba. Da falle-fallen soson roba ake yin su, irin wanda ake silifas da shi. Yadda ake yi kuwa, mutum yakan naɗe hannunsa ko ƙirjinsa da siririyar leda, ya bi ta da salatif, ya zana siffar sulken a kai, ya yanke, ya shimfiɗa, ga samfuri ya samu daidai jikinsa. Sai ya kwafa a kan soson, ya yanka da reza mai kaifi, ya hura masa iska mai zafi har ya yi laushi ya lanƙwasa shi. Gam ɗin haɗawa irin na masu gyaran takalmi ne: a shafa wa gefe biyu, a jira ya sha iska, sa'an nan a manna, kuma idan ya kama ba gyara. Tun da soso yana shan fenti, sai an shafe shi da gam na katako sau da dama ya bushe kafin a yi masa launin azurfa ko na zinariya, a bi lungunansa da baƙi don ya yi kamar ya sha yaƙi. Gam ɗin nan da fentin fesawa suna da wari mai cutarwa, don haka a buɗaɗɗen wuri ake aikinsu.

Ba kowa ne ke ɗinki ba. Akwai kantunan da ke sayar da shiga ɗinkakka, akwai telolin da ake ba aiki, kuma a Ariake ba a tambayar kowa wa ya ɗinka masa. Amma masu ɗinki da hannunsu suna da wata cuta guda da ta game su, watau jinkiri. A daren jajibirin taro fitilu sukan kwana a kunne a ɗakuna da yawa, ana fama da kalmasa da maɓalli. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan sana'a ana fafewa, shi ya sa ba akwatin da za a buɗe a rasa allura da zare da fil da ɗan gam a aljihunsa.

RANAR TARO

To, ga rana ta zo. Mai akwati ya sayi shaidar shiga da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ya bi layi. Layin kansa abin kallo ne: dubban mutane zaune a fili sahu-sahu, ba turereniya, masu aikin sa kai sanye da hula da ƙyallen hannu suna tafiyar da su rukuni-rukuni. An haramta kwana a wurin don kama layi. A watan Agusta zafi yakan kai digiri 35, ga gumi mai naso, har a taron bazarar 2013 tururin jikin jama'a ya taru a saman zaure ya yi kamar hazo, aka yi ta ba da labarinsa. A Disamba kuwa iskar teku ce mai ratsa ƙashi. Mai sulken soso yakan dafu a Agusta, mai 'yar shara ya ƙandare a Disamba, saboda haka zaɓen jarumi ma sai an duba kalanda. Da lokacin buɗewa ya yi, sai a yi sanarwa, dukan jama'a, na ciki da na waje, su ɗauki tafi.

Mai shiga yakan wuce kai tsaye zuwa ɗakin sauya kaya, na maza daban na mata daban, bayan ya biya kuɗin rajista. Ɗakin ba wani abu ba ne illa ƙaton fili, kowa ya sami ɗan gurbin da zai buɗe akwatinsa ya durƙusa gaban ɗan madubinsa. Ba a ɗaukar hoto a ciki. An hana sauya kaya ko yin kwalliya a makewayi, don kada a tare wa jama'a. Akwai ƙa'ida a kan tsiraici, akwai ƙa'ida a kan kayan da za a iya ɗauka na 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana ne na gaske, kuma makamin ƙarfe mai kaifi ba ya shiga. Shekaru da dama ma an hana riƙe duk wani abu da ya wuce santimita 30, sai daga baya aka sassauta.

Daga nan sai filin shiga: lambun da ke bakin zaure, da farfajiyar da ke saman gini. A nan ne akwatunan asuba suke bayyana abin da suka ɓoye. Mai shiga yakan sami gefe ya tsaya, ya ajiye akwatinsa a bayansa. Mai son hoto ba ya ɗaga kyamara haka kawai. Sai ya matso ya nemi izini, idan akwai wasu a gabansa ya bi layi, ya ɗauka, ya sunkuya ya yi godiya. Idan zai watsa hoton a intanet, wannan ma sai ya tambaya. Mutane da yawa suna da sunan shiga dabam da na yanka, suna musayar 'yan katuna masu ɗauke da shi, domin wani ma'aikacin banki ne, wata malamar makaranta ce, ba sa son a sani a wurin aiki. Shahararru kuwa, irin su Enako, wadda shigar ta zama mata sana'a har gwamnati ta naɗa ta jakadiyar tallata al'adun Japan a 2020, masu hoto sukan yi musu zobe ɗari bisa ɗari. Sabon shiga ba ya samun zobe. Abin da yake samu shi ne wani da bai taɓa gani ba ya tsaya, ya kira shi da sunan jaruminsa, ya tambaye shi yadda ya yi wannan ɗamara. Wata biyu na tsinin allura, ladansa ke nan.

ME YA SA DOKOKIN SUKA YI TSAURI?

Masu shirya taron suna da aƙida guda da suke maimaitawa tun farko, cewa a Comiket babu abokin ciniki, kowa mahalarci ne. Mai sayar da littafi, da mai saye, da mai shiga, da mai tsaron layi, duk nauyin taron yana wuyansu daidai. Wannan aƙida wuya ce ta koyar da ita. A 1989 aka kama wani mutum da laifin kashe yara ƙanana, aka tarar da ɗakinsa cike da kaset-kaset, sai jaridu da gidajen talabijin suka shafa wa duk masu sha'awar littattafan zane kashin kaji. A 1991, ana cikin ce-ce-ku-ce kan littattafan batsa, waɗanda lalle akwai su cikin abin da ake bajewa, zauren Makuhari Messe da ke jihar Chiba ya janye amincewarsa ana gab da taro, dole aka koma tsohon wuri a Harumi. Tun daga nan jama'ar suka gane cewa aron wuri suke yi, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mutum ɗaya da zai shiga jirgi da takobi ya firgita fasinjoji ya isa ya jawo wa dubbai asarar dandalinsu. Shi ya sa jarumi ke tafiya cikin akwati.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Jaruman nan duk suna da masu su, watau mazana da kamfanoni. A dokar Japan, galibin irin wannan ƙara sai mai haƙƙi ya kai kuka ake bin ta, su kuwa masu haƙƙin sukan kau da kai, domin sun san daga cikin waɗannan matasa ne ake samun mazanan gobe da masu saye na yau. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga teburan Comiket, Ken Akamatsu, ya zama shahararren mai zane, sa'an nan a 2022 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan ƙasar. Amma kau da kai alfarma ce, ana iya janye ta, musamman ga wanda ya mai da shigar hanyar neman kuɗi ba da izini ba.

HAR INA TA KAI?

Wanda ya ƙware yana so a auna shi, Nagoya zai nufa. A can ne tun 2003 ake yin taron duniya na masu shigar kwaikwayo, wanda ya fara da baƙi biyar daga Jamus da Faransa da Italiya, aka ƙara masa gasa a 2005. Kowace ƙasa takan turo mutum biyu, kuma sharaɗi ne su suka yi kayansu da hannunsu. Alƙalai sukan juya rigar su duba cikinta kafin a hau dandamali, ta yadda mai ɓoye ɓarna a ƙarƙashin shafi ba shi da mafaka. A Malesiya da Indunusiya 'yan mata Musulmi sun samo tasu dabara: maimakon hular gashi, sai su naɗa hijabi mai launin gashin jarumar, su tsawaita hannun riga da siket, su fito a suturce kuma a gane wadda suka kwaikwaya. A nan gida Nijeriya, inda yaran shekarun baya suka tashi da kallon Voltron a talabijin, na yanzu kuma suka san Naruto, an fara taron Lagos Comic Con a 2012 bisa jagorancin Ayodele Elegba, kuma gasar shiga tana cikin abubuwan da ke jan jama'a zuwa wurin. Ƙasar da kowace unguwa ke da tela, kowace kasuwa ke da mai gyaran takalmi da dukawa, ba ta rasa hannun da zai yi wannan aiki ba.

A Ariake kuwa, tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, layi yakan sake miƙewa a ƙofar ɗakin sauya kaya. Ana goge kwalliya, a cire hular gashi a cusa mata takarda don kada ta lotse, a ninke alkyabba, a lissafa abin da ya karye da abin da ya ɓalle. Ƙarfe huɗu daidai sai a yi sanarwar rufewa, jama'a su sake ɗaukar tafi, masu tebur su tattara kujeru da kansu. Jim kaɗan tashar Kokusai-Tenjijo ta cika da mutane masu tufafin yau da kullum, kowa da akwatinsa, wani da ɗan sauran shuɗi a gira. A cikin jirgi akan ga wadda ta buɗe ɗan littafi a kan gwiwarta, ta fara zana hannun rigar da za ta je nema wa yadi a Nippori kafin taro na gaba.